Wasiƙar da Malam Kuruvilla Ya Karanta

Shekara uku ke nan Sosamma ce idon mijinta a wurin kallo. Tun da ciwon suga ya taɓa ganin Malam Kuruvilla ya daina gane rubutu, sai dai haske da inuwar mutane suna kai da kawowa a jikin farin ƙyalle. Saboda haka duk Lahadi da yamma, a zauren karatu na Pallikunnu inda ƙungiyar masu kallon fim take taruwa, kujeru biyun farko na gefen taga nasu ne, kowa ya sani. Ita za ta karanta fassarar Malayalam, yaren garin, da ke fitowa a ƙasan hoto, ta raɗa masa a kunne. Idan an gama aka kunna fitila, shi zai miƙe, ya gyara ɗaurin zanensa, ya yi wa jama'a bayanin abin da suka gani. A tafa masa. Ita kuwa a miƙo mata baƙin shayi ta jiƙa maƙogwaro.

Nata ra'ayin sai a hanyar gida take faɗa, kuma ba ta raga wa kowa. Wancan na Sweden da aka nuna a farkon damina, inda wani ƙato ya shafe minti ashirin yana shafa wa ƙofa fenti bai ce uffan ba, cewa ta yi in dai wannan ce gwaninta, su kawo na'urarsu gidanta ranar wanki. Na Koriya ta ce jinin ya yi yawa, kuma har aka gama ba ta ga wanda ya ɗauki tsumma ya goge ba. Na Iran kaɗai ta yarda da shi, shi ma don ta ga matar ciki tana yanka albasa yadda mai girki ke yi. Malam yakan yi dariya ya ce, "Sosa, ke da a jarida kike rubutu da kin hana mutane cin abinci." Amma a zaure bai taɓa cewa a ji ta bakinta ba, ko sau ɗaya.

Da can shi ne kunnen gari. A zamanin da ake aiko fim daga ofisoshin jakadanci cikin gwangwanaye a saman bas, hoton ba ya zuwa da rubutu a ƙasa. Takardu ake haɗo shi da su, an buga maganganun da Turanci a tafireta. Kuruvilla, matashin malamin firamare, shi kaɗai ke iya bin Turancin da sauri. Sai ya zauna gindin ƙyallen da tocila da lasifikar da aka aro a coci, yana juya wa masu tatsar roba da 'yan dako abin da Turawa ke faɗa. Ya yi muryar mace, ya yi ta tsoho, ya yi ta ɗan sanda. Washegari a mayar da gwangwanaye da takardun, abin da ya faɗa kuwa ya zauna a gari.

Bana ƙungiyar ta cika shekara hamsin. Ranar Alhamis sakatariya Nimisha ta zo gida ɗauke da farin mayafi mai bakin zinariya, irin wanda ake yafa wa wanda za a karrama.

"Ammachi, ke za ki yafa masa," ta ce wa Sosamma, da sunan girmamawar da ake kiran dattijuwa da shi. "Kuma ku ji wani albishir. Na samo fim ɗin farko da ƙungiya ta fara nunawa, na Hungary, na jirgin ƙasan nan! Wasu 'yan sa-kai a birnin Kozhikode suka fassara shi. Wata shida ina binsu."

Malam Kuruvilla ya ajiye kofinsa, ya saɓa bakin tebur, shayi ya zube masa a ƙafa.

"Wannan ai ya tsufa, 'yata. Hoton ma duk ya ci. A sa wani mana."

Ba yau ya fara ba. Duk sanda wani ya ce a nemo fim ɗin, sai Malam ya kawo wani dalili. Sosamma ta ɗauka irin ta tsofaffi ce, masu gudun a taɓa musu abin da suke so. Tana goge shayin ta ce, "A sa shi. Sau ɗaya na gan shi, kuma ina da dalilin son sake gani."

Dalilin kuwa duk tsofaffin gari sun san shi. Tana da shekara ashirin da ɗaya limamin cocinsu ya kawo takarda daga wasu sistocin coci a Jamus, suna neman 'yan mata shida su koyi aikin jinya. Sunanta ne na biyu. An sayi akwatin ƙarfe, ƙanwar babarta ta saƙa mata rigar sanyi ja mai kauri, wadda ba a taɓa ganin irinta a garin da ba a san sanyi ba. Babanta ya kasa cewa e ko a'a, babarta kullum kuka, ita kanta zuciyarta biyu. Ana saura kwana tara tafiya aka nuna fim ɗin, gari ya cika zaure har kan tagogi.

Labarin wata yarinya ce, Ilka, 'yar ƙauye, da ta hau jirgi ta tafi birni koyon aiki, ta bar Andras mai gadin tasha da ke sonta. A ƙarshe ba a sake nuna fuskarta ba. Andras ake gani a bakin taga, ruwa na zuba, yana riƙe da wasiƙa, muryarta tana karantawa da yarensu. A nan Kuruvilla ya ƙanƙantar da murya, tana rawa, ya ce, "Andras, da na sani da ban hau jirgin nan ba. Na tafi neman duniya, na rasa ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Duk wadda ta bar garinsu, baƙuwa za ta mutu."

Mata suka yi ta sharɓar kuka. A hanyar gida babanta ya ce, "Kin dai ji. Baturiya ce ma, a cikin ƙasarsu, balle ke." Da safe da hannunta ta kwashe kayan akwatin. Aka ba wa wata yarinya, Annakutty, gurbinta. Bayan wata takwas dangin Kuruvilla suka zo neman aure.

Maganar nan ta ƙarshen wasiƙar ta zama abin faɗa a Pallikunnu. An rubuta ta da jan fenti a bangon zaure, ƙarƙashin agogo, ana sabunta ta duk Kirsimeti. Kwamared Velayudhan, tsohon kwandastan bas, ba ya bari yaron unguwa ya tafi Dubai bai karanta masa ita ba. Sosamma ma da ita take lallashin kanta. Duk sanda hoton Annakutty ya iso, cikin fararen kaya da 'yar hula, tana dariya a tsakiyar ƙanƙara, sai ta juya hoton ta ce a ranta, baƙuwa za ta mutu. Rigar sanyin tana ƙasan akwati har yau, asu ya cinye hannu ɗaya.

Ranar Lahadi ruwa ya kece tun azahar, amma zaure ya cika, lemomi sun yi tsibi a bakin ƙofa. Aka raba soyayyar ayaba. Nimisha ta ja sakata, aka kashe fitila.

Tun farko Sosamma ta ga wasu 'yan bambance-bambance. Ilka da ta sani mai kunya ce, wannan kuwa baki gare ta, tana mayar wa ubanta magana. Ta ce ƙila tsufa ne, shekara hamsin ba wasa ba. Ta ci gaba da raɗa wa Malam. Da aka zo inda yarinyar ke sayen tikiti, ya kamo hannunta, tafinsa sharkaf da gumi.

"Sosa, kaina na ciwo. Mu je gida."

"An sa sakata. Ba a fita sai an gama. Wa ya kafa dokar in ba kai ba? Mutum nawa ka kunyata a kanta?"

Jirgi ya tashi, kwanaki suka wuce a cikin hoton, ga Andras a bakin taga, ga ruwa, ga wasiƙa. Sosamma ta matso da bakinta kunnen mijinta, idonta ya riga ya ciko, don ta san abin da ke tafe. Rubutu ya fito, ta karanta.

"Andras, na iso lafiya. Ɗakina ƙarami ne, tagarsa ɗaya, amma ni nake rufe ƙofata ni nake buɗewa. Aikin da wuya, hannuna duk ya tsattsage, kuma ban taɓa barci mai daɗi irin na yanzu ba. Kada ka jira ni. Ka gaya wa ƙanwata akwai jirgi duk ranar Talata."

Bakinta ya saba da aikinsa, sai da ya kai ƙarshen layi kafin kanta ya gane abin da ya faɗa. Ta jira sauran. Ta jira "da na sani". Babu. Kiɗa ya tashi, sunayen 'yan wasa suka fara hawa. Ta juya ta dubi mijinta a ɗan hasken nan, ya sunkuyar da kai, kuma bai tambaye ta komai ba. Wanda ya ji abin da bai zata ba ai tambaya yake yi. A nan ta ji wani abu ya taso mata. Ba baƙin ciki ba ne, fushi ne, irin wanda ba ta san tana da shi ba.

Aka kunna fitila. Bisa al'ada, kafin Malam ya rufe taro, duk mai ra'ayi zai miƙe ya faɗa. Kwamared Velayudhan ne ya riga kowa, yana share hawaye da ƙaramin tawul ɗin kafaɗarsa. Ya manta tabarau a gida, hoto kawai ya kalla, maganar kuwa tana kansa tun yana saurayi.

"'Yan'uwa, wannan shi ne fim! Ba irin shirmen da kuke kawo mana na mai fentin ƙofa ba. Kun ga yadda birni ke cinye 'yar talaka? Kun ji nadama? Baƙuwa za ta mutu!" Ya nuna bango da yatsa.

Matasan da ke baya suka kalli juna. Wani ya tuntsire da dariya.

"Kwamared, wane fim ka kalla? Yarinyar cewa ta yi tana barci mai daɗi."

"Barcin uwar wa? Kai da aka haifa jiya za ka gaya mini? Ina nan zaune a wancan bencin lokacin da ubanka ke yawo ba wando!"

"To ai a rubuce yake, kowa ya gani."

"Wa ya rubuta? 'Yan Kozhikode masu gemun akuya, da suka zuba a kwamfuta ta amayo musu? Ku fa ba kallo kuke ba, waya kuke latsawa, ku fito ku ce an yi gwaninta. Fim ɗin da jaki ya tsaya a fili awa biyu ma sai da kuka tafa masa!"

"Ku kuma kuka kuke zuwa yi, ko me aka nuna!"

Zaure ya kaure. Tsofaffi na cewa an ɓata musu fim, matasa na cewa tsofaffi sun shekara hamsin suna yabon abin da ba su gane ba. Wata malama ta ce ai ko daga fuskar Andras an san wasiƙar baƙin ciki ce, aka ce mata baƙin cikinsa ne ba nata ba. Nimisha ta yi ta buga tebur da cokali har aka lafa.

"Don Allah ku saurara. Fassarar nan daidai take, sai da wata 'yar ƙasar ta duba ta. Amma ku tuna Malam da takardun ofishin jakadanci ya yi aiki. Ƙila su ne suka zo da kuskure. Wa ya sani, an daɗe."

Nan da nan kowa ya kama wannan, har da ajiyar zuciya. Haka ne, takardun ne. Turawan nan ma ai suna kuskure. Nimisha ta ɗauko mayafin da sauri kafin wani ya sake buɗe baki.

"Ammachi, taso ki yafa wa Malam."

Sosamma ta tashi. Gwiwarta da ke damunta kullum yau ba ta ji ta ba. Aka kamo hannun Malam aka tsayar da shi a gaba. Ta karɓi mayafin da hannun hagu, ta miƙa na dama ta karɓe lasifikar daga hannun Nimisha, abin da ba a shirya ba.

"Malam," ta ce, muryarta ta cika zaure. "Takardar ce ta yi kuskure?"

Ga hanya an share masa. Takardun sun koma ofishin jakadanci a Delhi tun kafin a haifi rabin mutanen da ke wurin, ba mai iya ƙaryata shi. E kawai zai ce, a yafa masa mayafi, a sha shayi. Ya ɗago idanunsa da ba sa ganinta sosai, ya nemi inda muryar take.

"A'a."

"Abin da na karanta maka yanzu, shi ne a takardar?"

"Shi ne."

"Turancin ne ya fi ƙarfinka?"

"Na gane shi sarai." Ya ci gaba da cewa, "Kina layi na uku, kusa da babanki, da farin fure a gashinki. Saura kwana tara. Na haska tocila na ga abin da ke zuwa, na ce in na karanta wannan shi ke nan, ta tafi."

Wata mata a tsakiya ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, so!" Kwamared Velayudhan, wanda minti biyar da suka wuce yake neman cin kwalar mutane, ya washe baki ya fara tafi. Wasu suka biye masa. Abin da ya ƙarasa ƙona wa Sosamma rai ke nan.

"Ajiye hannunka, Velayudhan! So? Mai so ai zuwa yake ya tsaya a ƙofar gida ya ce kar ki tafi, ina sonki, in ce masa e ko a'a. Wannan bai ko taɓa yi mini magana ba a lokacin. Ya shiga rigar wata baiwar Allah da ba ta san shi ba, ya ari bakinta, ya tsorata ubana, ya sa uwata kuka, ya sa ni da hannuna na kwance kayana ina ganin hankali na yi. Shekara hamsin ina tausayin Annakutty! Ina juya hotonta ina cewa Allah sarki, baƙuwa. Ashe ni ce abar tausayi ban sani ba."

Ta juya ta fuskanci jama'a. Ruwa kawai ake ji a kan kwano.

"Shekara hamsin ina zaman kujerar nan, ba wanda ya taɓa cewa Sosamma me kika gani. To yau ku ji. Fim ɗin nan mai kyau ne, ya fi duk wanda kuka nuna bana. Yarinyar ta yi daidai, mai gadin tashar ma ya yi daidai, don ya karanta wasiƙarsa yadda aka rubuto ta, ya sha baƙin cikinsa shi kaɗai, bai je ya gyara wa ƙanwarta ba."

"Sosa," Malam ya ce a hankali, "ai ba ki wulaƙanta ba. 'Ya'ya uku, gida, ban taɓa..."

"Ban ce ka wulaƙanta ni ba. Ban kuma ce da na tafi da na ji daɗi ba. Ƙila da wata uku zan yi in dawo ina kuka, sanyi ya kore ni. Ƙila ma da kai ɗin zan dawo in aura. Amma da ni na dawo da ƙafata. Wannan ka ɗauke mini, kuma ba ka da inda za ka samo ka mayar."

Ta dubi mayafin da ke hannunta, ta dubi kafaɗun da ta shekara hamsin tana shafa wa man zafi. Ta juya ta miƙa wa Nimisha.

"Hau kujera ki rufe wancan rubutun da shi, kafin a samo farin fenti."

Nimisha ta dubi Malam. Ta hau kujera ta rataya mayafin a ƙusar agogo, ya sauko ya rufe jan rubutun, sai wutsiyar harafin ƙarshe ta leƙo. Sosamma ta ɗauki lemarta, ta kama gwiwar hannun mijinta kamar kullum, don matakalar zauren akwai santsi, suka fita.

Satin nan ta dafa masa rogo da kifinsa, ta yi masa allurar suga safe da yamma, ta jera masa magunguna a faranti. Sau uku ya fara magana, sau uku ta tashi ta shiga madafa. Ranar Laraba ta fito da rigar sanyin nan ta shanya a igiya, ya wuce ya ci karo da ita, ya shafa ya gane, ya daɗe a tsaye.

Gari ya yanke cewa ba za a ƙara ganinsu a zaure ba. Ranar Lahadi sai ga su, ƙarfe huɗu daidai, kujeru biyun farko na gefen taga. Bangon ya sha farin fenti. Fim ɗin ranar daga Turkiyya yake, wata mata da mijinta a cikin mota suna tafiya mai nisa. Aka sa sakata, aka kashe fitila. Sosamma ta matso da bakinta kunnensa, ta karanta masa kowane layi yadda yake, ba ta ƙara wasali ba, ba ta rage ba.

Can tsakiya matar cikin motar ta yi wata doguwar magana tana kallon titi. Sosamma ta raɗa masa, "Ta ce ta yafe masa tun tuni, gaya masa ne kawai ba ta yi ba."

Malam Kuruvilla ya juyo da sauri. Ya ƙura wa ƙyallen ido, ba abin da yake gani sai haske da inuwa biyu. Ya lalubo hannunta.

"Sosa, haka aka rubuta? Ko ke ce...? Don Allah, da gaske haka ta ce?"

Wani layin ya riga ya fito a ƙasan hoton. Ta zare hannunta ta gyara tabarau, ta karanta masa na gaba.